Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Babban Kwamandan Sibil Difens: Wa Ke Jarraba Mai Gadin Ƙofa?

Zuwa ga Babban Kwamandan Hukumar Tsaro ta Sibil Difens, NSCDC,
Hedikwatar Hukuma, Sauka, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan addu'ar Allah ya jiƙan jami'anku da suka kwanta dama a bakin aiki, na rubuto ne a kan wani sashe na aikinku da ba kasafai yake samun shiga jarida ba. Idan kun kama masu fasa bututun mai ko masu haƙar ma'adinai ba izini, ƙasa duka takan ji. Amma akwai wani nauyi da doka ta ɗora muku wanda ya fi waɗannan kusa da rayuwar talaka, wato sa ido a kan kamfanonin gadi masu zaman kansu da irin horon da suke ba mutanen da suke sanya wa inifom su tsayar a ƙofofin jama'a. Tambayata ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: bayan an ba kamfani lasisi, wa yake tabbatar da cewa mutumin da ke tsaye a bakin get ya iya aikin?

Dalilin damuwata a fili yake. 'Yan sandan ƙasar nan ba su kai dubu 400 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Wanda ya je banki, ko asibiti, ko makarantar 'ya'yansa, ko babban kanti, ko ma'aikatar gwamnati, ba ɗan sanda yake fara tararwa ba, maigadi ne. Shi ne zai fara ganin hayaƙi idan wayar lantarki ta kama, shi ne zai fara ganin baƙuwar fuska tana kewaya katanga, shi ne kuma a wurin idan aka yi ihun ɓarawo jama'a suka taso da duwatsu. Kafin motar kashe gobara ko ta 'yan sanda ta iso, abin da zai faru ya riga ya faru a hannunsa. Kuma tun da Shugaban Ƙasa ya ba da umarni a watan Nuwamba na 2025 cewa a janye 'yan sanda daga rakiyar manyan mutane, kasuwar gadi sai ƙara buɗewa take yi. Kamfanoni masu lasisi sun riga sun haura dubu ɗaya.

Dokar da ke tafiyar da wannan sana'a, kamar yadda ka fi ni sani, tun 1986 aka yi ta, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Ta ce ba kamfanin da zai yi aikin gadi sai da lasisin Ministan Harkokin Cikin Gida, ta ce kamfanin ya zama mallakar 'yan Najeriya ɗungurungum, ta hana masu gadi riƙe bindiga, ta kuma toshe ƙofa ga wanda aka kora daga aikin soja ko ɗan sanda saboda laifi. A kan horo, abin da ta tanada shi ne a miƙa manhaja da takardun koyarwa a amince da su kafin a fara. Dokar da ta kafa hukumarku a 2003, da gyaran da aka yi mata a 2007, su suka miƙa muku aikin tantance kamfanonin, da duba wuraren horonsu, da bibiyar ayyukansu. Ƙa'idojin 2018 sun zo sun ƙara fayyace wasu abubuwa. Duk wannan ƙoƙari ne, ban raina ba. Sai dai ginin gaba ɗaya a kan kamfani ya tsaya. Lasisin na kamfani ne, manhajar da aka amince da ita takarda ce a cikin fayil, shi kuwa maigadin, wanda dominsa aka yi duk wannan hidima, yana iya shekara a bakin ƙofa ba tare da wani wanda ba maigidansa ba ya taɓa yi masa tambaya ɗaya a kan aikin.

Duk wanda ke sammako a manyan garuruwanmu ya taɓa wucewa ta wani fili ko harabar wani ofis ya ga sababbin ɗauka ana ba su horo. Samari ne a layi, wasu da takalmin roba, wani tsohon saje yana daka musu tsawa. Hagu, dama, juya, ƙame, sara. Ana yin haka na 'yan kwanaki, a koya musu yadda ake goge takalmi da yadda ake cewa barka da zuwa, a ba su riga da wando da hula, a cire kuɗin kayan daga albashin farko, a rarraba su. Ba na cewa duk kamfanoni haka suke. Akwai manya masu makarantun horo na gaske, musamman waɗanda ke gadin ofisoshin jakadanci da kamfanonin mai, domin masu ba su kwangila ba sa yarda da wasa. Amma waɗannan tsiraru ne, kuma ba su ke gadin asibitin da matata za ta je haihuwa ba.

Fareti ba laifi ba ne. Yana koyar da jin umarni da tsayuwa da kyau. Amma ya mamaye horon ne saboda dalilai biyu da ba su da alaƙa da tsaro. Na farko, shi ne abin da mai koyarwar ya iya. Tsohon soja ya san yaƙi da bariki, amma ba lallai ba ne ya san yadda ake fitar da mutum ɗari uku daga zauren biki ta ƙofa biyu, ko yadda ake lallashin mai jinya da ya fusata a ƙofar ɗakin gaggawa. Na biyu, shi ne abin da ke sayuwa. Manajan da zai ɗauki masu gadi yana kallon tsayi da faɗin ƙirji da guga, kuma yana son a sara masa idan ya shigo da mota. Kamfani shi ya koyar, shi ya jarraba, shi ya buga takardar shaida, shi kuma zai sayar da aikin. A kasuwar hatsi ma ba a barin mai sayarwa ya zama shi kaɗai ne shaidar cewa mudunsa cikakke ne.

Bari in faɗi irin abubuwan da nake ganin ya kamata a ce kowane maigadi ya nuna ya iya kafin ya tsaya a ƙofa, domin kada a ce suka kawai na zo yi.

Gobara ita ce ta farko, domin ita ce ta fi cin dukiyar jama'a a wuraren da ake gadi. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na 2021. Gobarar kasuwa ta fi tashi ne lokacin da masu shaguna ba sa nan, wato lokacin da babu kowa sai masu gadi. Jajayen tulunan kashe wuta suna nan rataye a bangon bankuna da ofisoshi, amma a tambayi wanda ke zaune a ƙarƙashinsu dare da rana ko ya taɓa zare fil ɗin ɗaya ya matsa. A tambaye shi wanne ne na hoda, wanne ne na kumfa, wanne ake fesa wa wutar lantarki, me ya sa ba a watsa wa wutar fetur ruwa, ina babban makunnin da ake kashe wutar ginin duka. Wannan ilimin yini ɗaya ne, amma sai an kunna wuta ta gaske a cikin rabin ganga an ba mutum tulun ya kashe da hannunsa. Ba a koyon sa daga allo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya a ƙarƙashin ma'aikata ɗaya kuke da ita, minista ɗaya kuke yi wa bayani. Ba sai an je Majalisa ba kafin ku haɗa hannu.

Sai taimakon gaggawa. Wanda aka sara ko aka harba, idan babbar jijiya ce ta tsinke, cikin 'yan mintuna jini yake ƙarar da shi. Danne rauni da tsumma, ɗaure hannu ko ƙafa a sama da wurin, kwantar da wanda ya suma a gefensa don kada ya shaƙe, danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya: Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana koyar da waɗannan, kuma tana da rassa a jihohi. Maigadin asibiti kuma yana da ƙarin abin da dole ya sani. Tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Likita yana iya sanin wannan doka, amma idan wanda ke riƙe da makullin get bai sani ba, mai raunin ba zai kai ga likitan ba.

Inda na fi so in daɗe shi ne iyakar ikon maigadi, domin nan ne ake yawan zubar da jini ba gaira ba dalili. Maigadi ba ɗan sanda ba ne. Ikon kamun da yake da shi daidai yake da na kowane ɗan ƙasa: Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta yarda mutum ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta ba shi ikon tuhuma ba, ba ta ba shi ikon kulle mutum a ɗakin janareta har gari ya waye ba, balle duka da bulala ko tsallen kwaɗo ko tuɓe wa mace kaya a ɗauki bidiyo a watsa a Facebook. Dokar hana azabtarwa ta 2017 tana nan. Amma abin da saurayi ɗan shekara ashirin ya ɗauka daga horon fareti shi ne cewa shi ma yanzu ɗan kaki ne, kuma a ƙasar nan kowa ya san abin da ake zaton kaki yana halattawa. Ga kuma ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba: idan aka kama yaro da satar waya a kanti jama'a suka taru suna neman taya da fetur, maigadi ne kaɗai zai iya shigar da shi ciki ya rufe ƙofa ya kira 112. Wannan yana buƙatar zuciya, yana kuma buƙatar mutum ya san cewa aikinsa ne ya kare ran wanda ya kama. Idan ba a taɓa gaya masa ba, shi zai fara ɗaga sanda.

Turmutsitsi ma haka. A watan Disamba na 2024, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a wajen wani taron yara a Ibadan, wasu mutane suka mutu a Okija ta jihar Anambra da Maitama ta Abuja, duk a wajen rabon kayan abinci ko kyauta. Mu ma a Arewa mun gani a Bauchi wajen rabon zakka a watan Maris na 2024. Ba na ɗora wa masu gadi laifin waɗannan, masu shirya taro su ne a gaba. Amma yadda ake tsara layi, da yadda ake buɗe ƙofa ga taron da ya matsu, da gane lokacin da cunkoso ya kai inda mutane ba sa iya numfashi, ilimi ne da ake koyarwa. Wanda bai sani ba yakan yi abin da ya fi muni, ya rufe get ko ya shiga zabga bulala, na gaba su ja baya, na baya su danno.

Binciken ƙofa kuwa ya koma al'ada kawai. Tun bayan harin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a watan Agusta na 2011, da na tashar Nyanya da na Babban Masallacin Kano a 2014, kowace ƙofa ta samu sandar gano ƙarfe da madubin leƙa ƙarƙashin mota. Yanzu sai a shafa maka sandar ta yi ƙara a ce wuce, a buɗe but a rufe ba a duba ba, babbar mota mai baƙin gilashi kuwa a sara mata. A Potiskum, a watan Nuwamba na 2014, da kayan makaranta maharin ya shiga cikin ɗalibai suna taron safe. Abin da ke tsare irin wannan shi ne sanin fuskokin wurin, da lura da wanda tafiyarsa ko kayansa ba su dace ba, da sanin wanda za a gaya wa nan take. Kuma a ƙasarmu dole a koyar da cewa mace ce ke binciken mace, a keɓe, cikin mutunci, wanda ke nufin dole kamfanoni su ɗauki mata su horar da su.

Makarantu sun cancanci a ware su. Daga Chibok a 2014 zuwa Dapchi, Ƙanƙara, Jangebe, Birnin Yawuri da Kuriga a 2024, ba wanda ke da hankali da zai ce maigadi da sanda da tocila ya tare mutum hamsin masu bindiga. Ba aikinsa ba ne, kuma zalunci ne a nema daga gare shi. Aikinsa shi ne ya ji labari da wuri, ya san lambar da zai kira wadda za a ɗauka, ya san yadda za a tashi ɗalibai da hanyar da za su bi. Cibiyar kula da tsaron makarantu ta ƙasa a hedikwatarku take. Ina tambaya, cikin ladabi, ko akwai igiyar da ta haɗa wannan cibiya da mutumin da ke kwana a ƙofar makarantar kwana a ƙauye.

Wani zai ce to a yi doka kowane maigadi ya samu takardar shaida, shi ke nan. Ingila ta yi haka, kuma abin da ya same ta darasi ne. Tun dokarsu ta 2001, mai tsaron ƙofa yana da lasisin kansa wanda yake sabuntawa duk shekara uku. Duk da haka, a daren 22 ga Mayu, 2017, aka tayar da bam a zauren taro na Manchester, mutum 22 suka mutu. Kwamitin bincike ya gano cewa kusan kwata ɗaya kafin fashewar wani mutum ya nuna wa ma'aikacin tsaro saurayin da ke laɓe da ƙatuwar jaka. Ma'aikatan biyu da maganar ta biyo ta hannunsu ba wanda ya kai shekara 20. Ɗayan ya gwada rediyo bai samu shiga ba, ya kuma ce ya ji tsoron a kira shi mai wariyar launin fata idan ya yi kuskure. Kwamitin ya soki horon da aka ba su, wanda wani sashensa ta intanet ne, mutum yana latsawa yana wucewa ba mai duba ko ya fahimta. Sannan a 2023 wani ɗan jaridar BBC ya shiga makarantun horon a ɓoye, ya tarar da inda ake karɓar ƙarin kuɗi a dunƙule kwas na kwana shida ya koma ƙasa da kwana biyu. Idan haka ta faru a can, ka ƙiyasta abin da za a yi da takarda a nan, inda kowace unguwa akwai mai kwamfuta da ya iya hatimi.

Abin ɗauka daga wurinsu, da kuma Afirka ta Kudu wadda tun 2001 take da hukumar da ke yi wa kowane maigadi rajista da sunansa tana kuma rarraba su mataki-mataki gwargwadon horonsu, shi ne shaidar ta zama ta mutum, ya tafi da ita duk inda ya koma aiki, a iya kuma karɓe ta idan ya yi laifi. Kenya ma ta bi wannan hanya bayan dokarta ta 2016. A yanzu a nan, wanda aka kora daga wani kamfani a Kaduna saboda ya haɗa baki da ɓarayi zai iya sanya rigar wani kamfanin a Zariya kafin mako ya zagayo. Na san an sha maganar tattara bayanan masu gadi a kwamfuta, kuma ina goyon baya. Amma rajista tana gaya mana ko wane ne mutum, ba ta gaya mana abin da ya iya.

Saboda haka roƙona shi ne a raba mai koyarwa da mai jarrabawa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: makaranta ke koyar da ɗalibi, amma WAEC da NECO ke jarraba shi. Kamfanoni su ci gaba da horar da mutanensu, amma jarrabawar ta fita daga hannunsu. Kuna da kwalejoji a Katsina da Abeokuta da makarantarku ta Sauka, kuna da ofis a kowace jiha. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga masu sana'ar hannu, wanda ke auna abin da mutum ya yi a gaban mai dubawa. Irin wannan jarrabawa ake buƙata: ga wuta, kashe, ga mutum a kwance, taimake shi, ga wani yana zaginka a ƙofa yana cewa ka san ko ni wane ne, yi magana da shi, ga abin da ya faru jiya da dare, ba da rahoto da lokaci da kamanni da lambar mota. Kuma a yi ta da harshen da mutum yake ji. Idan aka ce sai rubutaccen Turanci, za a kayar da dattijon da ya shekara ashirin yana gadi bai taɓa barin an ɗauki ko allura ba, a ɗaga wanda ya iya haddace amsa. Hausa, Yarabanci, Ibo, Fulatanci, Kanuri, Turancin buroka, duk ana iya jarraba mutum da baki a cikinsu.

A nan sai na faɗi abin da ba zai yi daɗin ji ba, ranka ya daɗe. Hukumarku tana karɓar kuɗin rajista da na sabuntawa, tana shirya wa kamfanoni horo, ita ce kuma mai sa musu ido. Idan jami'an da suka koyar su ne za su jarraba, an dai sauya wa matsalar ofis ne kawai. Kuma dukkanmu mun san yadda ziyarar duba aiki take ƙarewa a ƙasar nan idan an sanar da ranar zuwa: a share harabar, a aro kujeru, a tara samari a yi fareti, a raka baƙi mota. Maganin shi ne sashen jarrabawa ya zama daban, a riƙa sauya wa masu jarrabawar jiha, a zaunar da wakilin hukumar kashe gobara da na Red Cross a teburin, a kuma buga sakamako a fili. Kowane kamfani a ga mutum nawa ya kawo, nawa suka ci. Ranar da shugaban makaranta ko manajan asibiti zai iya duba wannan jeri kafin ya sa hannu a kwangila, ranar kamfanoni za su fara gasar horo maimakon gasar araha. Idan kuma aka ga cibiyar da duk wanda ya shiga sai ya ci, wannan kansa dalilin bincike ne.

Duba na gaskiya kuma a bakin ƙofa ake yin sa, ba a ofishin manajan darakta ba. Jami'i ya je da kayan gida da ƙarfe biyun dare, ya ga mutum nawa ne a wurin da kwangila ta ce huɗu, ya tambayi wanda ya tarar yaushe ya kama aiki, yaushe zai tashi, wace lamba zai kira, ina tulun kashe wuta. Idan ya kasa, kada a kore shi a bar kamfanin. Shi ne mafi rauni a cikin lamarin, kuma ba shi ya hana kansa horo ba. Tarar ta hau kan mai lasisi, kuma ta zama mai zafi, ba irin wadda aka rubuta da darajar naira ta 1986 ba.

Ba zan yi kamar ban san inda gizo yake saƙar ba. Mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne tun watan Yuli na 2024, amma ba sai an yi nisa ba za a samu maigadin kamfani da ke karɓar abin da bai kai haka ba, yana aikin sa'a goma sha biyu, wani lokaci ya kwana ya wuni idan mai karɓarsa bai zo ba. Tsakanin abin da mai wuri yake biyan kamfani da abin da ke isa aljihun maigadi akwai rata mai faɗi. Mutumin da ke cikin wannan hali zai yi barci a bakin aiki, zai ce wa mai mota yallaɓai yaranka na gaisuwa, kuma da zarar ya samu babur ɗin haya zai ajiye hular. Kamfanin da ya san mutanensa ba za su daɗe ba, ba zai kashe kuɗi a kan horonsu ba. Gwamnati kanta tana cikin manyan masu saye, tun da garambawul ɗin zamanin Obasanjo ya fitar da aikin gadi da shara daga hannun ma'aikatan dindindin ya miƙa wa 'yan kwangila, kuma ma'aikatu sukan ba wanda ya fi araha su kuma yi watanni ba su biya ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Albashi ba a hannunka yake ba, na sani, amma sabunta lasisi a hannunku yake, kuma ba abin da zai hana ku nemi ganin shaidar biyan albashi ta banki kafin ku sa hannu.

Akwai kuma ɗimbin masu gadin da ba su da kamfani sam, waɗanda mai gida ya ɗauka da baki ya ba su ɗaki a bakin get. Da yawansu 'yan uwanmu ne daga Arewa da Jamhuriyar Nijar, suna Legas da Ibadan da Fatakwal da Abuja, kuma su ake fara kamawa idan an yi sata. Doka ba ta san da su ba. Idan aka buɗe musu wannan jarrabawa da kuɗi kaɗan, ta hannun sarakunan Hausawa na garuruwan da ƙungiyoyin unguwa, kati a aljihunsu zai kare su kamar yadda zai kare mai gidan.

Game da masu kiran a ba masu gadi bindiga, ciki har da wasu masu kamfanonin, ina roƙon ka riƙe matsayin dokar yanzu. Tsarin da bai iya tabbatar da cewa mutum ya san tulun kashe wuta ba, bai kai a damƙa masa makami ba tukuna.

Gyaran dokar 1986 aikin Majalisa ne, kuma an daɗe ana jiran sa. Abin da nake nema bai kai nan ba. Ka zaɓi jiha ɗaya a kowace shiyya, ka tura jami'ai ba sanarwa su jarraba masu gadin asibitoci da makarantu da kasuwanni a kan gobara, taimakon gaggawa, ikon kamu da kiran agaji, ba tare da an hukunta kowa a zagayen farko ba. Sannan ka fito da sakamakon kamar yadda yake, ka miƙa wa Ministan Harkokin Cikin Gida da kwamitocin Majalisa kwafi, ka kuma sa a karanta shi a gidajen rediyo da harsunan da masu gadin suke ji.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa daga Kano.